Kurakuran da aka fi yi wajen neman matsalar wuta da caji a tsohon injin kwale-kwale

A bakin teku na Jamestown da Chorkor a Accra, yawancin kwale-kwalen masunta suna aiki ne da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, kuma da zarar tsohon inji ya ƙi tashi, sai a ɗora laifin a kan akwatin CDI, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa fulogi, a tafi neman sabo. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗi, kuma yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa akwatin lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne makunnin kashe inji, wanda aikinsa shi ne ya karkatar da wutar zuwa jikin inji. Idan ruwan gishiri ya shige shi ya yi tsatsa, yakan riƙe wutar ko ba a taɓa shi ba. A zare wayarsa, a ja igiya. Idan wuta ta dawo, an gano ɓarawon. Daga nan sai a kankare duk inda waya ta haɗu da jikin inji, a sa mitar auna wutar lantarki a auna koyil, wato naɗin wayar da ke samar da wuta a ƙarƙashin babban faifan da ke saman inji, a gwada da adadin da littafin injin ya bayar.

Wasu kuma sukan jingina fulogi da jikin inji, su ga ɗan tartsatsi, su ce wuta lafiya. Tartsatsin da ya fito a sarari yana iya gazawa a cikin silinda, inda matsin iska ke buƙatar wuta mai ƙarfi. Haka nan wuta tana iya zuwa ba a kan lokacinta ba, idan ɗan ƙarfen da ke riƙe faifan a mazauninsa ya karye bayan farfela ta bugi wani abu. Injin da ke mutuwa idan ya yi zafi, ya tashi bayan ya huce, a auna koyil ɗinsa tun yana da zafi.

A ɓangaren caji, akwai wata ɗabi'a da aka ɗauko daga garejin mota, wato cire wayar batir inji na aiki don a ga ko yana caji. Hakan yana iya ƙona rektifaya, wato na'urar da ke mayar da wutar inji irin wadda batir ke karɓa, kamar yadda juya kan batir ke ƙona ta, kuma gwajin ba ya nuna komai, tunda irin wannan inji daga maganaɗisun faifansa yake samun wutar fulogi, ba daga batir ba. Mita ce ke raba gardama: cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6 inji a kashe, kuma idan an tayar da inji an ba shi wuta ya kamata adadin ya haura 13. Idan bai motsa ba, a tsabtace kan batir a ɗaure shi tam, sannan a auna rektifaya da koyil ɗin caji.