Kurakuran da ɗalibai ke yi wajen binciken cutar bakteriya a cikin isofod

Isofod ita ce ƙaramar halittar nan mai ƙafa 14 da ke fakewa ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace da duwatsu inda akwai danshi. Dangin ƙaguwa ce. Masu bincike sun fi amfani da nau'in Porcellio scaber, kuma abin da suke ciro mata shi ne 'yan bututu huɗu masu narka abinci, waɗanda ke kwance gefen hanji.

Babban kuskure shi ne ɗalibi ya ga bakteriya a madubin bincike, nan take ya rubuta cewa dabbar ta kamu da cuta. A hankali dai. Akwai bakteriya irin su Hepatoplasma da Hepatincola da ke zaune a ramin bututun, manne da bangonsa, har an nuna cewa Hepatoplasma na taimaka wa dabbar ta jure idan abincinta ba mai gina jiki ba ne. Mai ɓarna ita ce Rhabdochlamydia porcellionis, wadda masana a Ljubljana ta ƙasar Slobeniya suka bayyana a 2004. Ita can cikin ƙwayoyin halittar bututun take shiga ta hayayyafa har su lalace, sai a ga farare-fararen ɗigo a jikin bututun. Don haka ka fara tambayar kanka: a ina na gan su, a rami ko a cikin ƙwayar halitta? Sannan ka tabbatar da gwajin 16S rRNA, wato gwajin ƙwayar gado da ke bambance nau'in bakteriya, kafin ka raɗa musu suna.

Wasu kuma fari kawai suke gani a ƙasan cikin dabbar su yanke hukunci. Sau da yawa sinadarin kalsiyam ne take tarawa domin saɓa, kuma saɓar tata kashi biyu ce, rabin baya ke fara zubewa. Ka ware ta, ka jira. Idan kuwa ta rine shuɗi mai ƙyalli, wannan aikin bairos ne.

Sai batun faranti. Ɗalibi ya shafa bututun a kan agar, wato daskararren abincin da ake renon bakteriya a kansa cikin faranti, wani abu ya tsiro, ya yi ta murna. Rhabdochlamydia ba ta tsirowa a nan, sai cikin ƙwayar halitta mai rai. Abin da ya tsiro, galibi daga hanji ko saman jikin dabbar ya fito. Ka goge jikinta da barasar gwaji, ka ciro bututun a hankali kada hanjin ya fashe, ka canza hantsaki tsakanin dabba da dabba.

Masu gwajin guba, kamar tagulla da waɗannan bututu ke tarawa, su ma kan jingina wa gubar ɓarnar da cuta ce ta yi, domin ba su duba lafiyar garken ba tun farko. Sabbin kamu a keɓe su daban. Wadda ta mutu a kwashe ta da wuri, domin 'yan uwanta cinye ta suke yi.