Yadda Ake Juyen Baƙin Mai da Famfon Zuƙa Ba Tare da Shiga Ƙarƙashin Mota ba

Hanyar da aka saba ita ce a ɗaga mota ko a hau da ita kan rami, a kwance notin da ke gindin injin, baƙin mai ya zuba cikin mazubi. Famfon zuƙa kuwa ta sama yake aiki. Ana zura siririn tiyo ta hudar da sandar awon mai take, a zuƙo tsohon man zuwa cikin tulun famfon. Babu jak, babu kwanciya a ƙasa, babu kuma fargabar cinye zaren noti, wanda idan tukunyar man, wato kaskon da mai ke taruwa a gindin injin, ta alminiyam ce ba ƙaramin aiki yake jawowa ba. Injinan ƙananan jiragen ruwa ta wannan hanya ake musu juye tun da daɗewa, domin babu wurin saka bokiti a ƙarƙashinsu, kuma garejoji da dama na motocin Jamus irin su Mercedes-Benz da Volkswagen ita suke bi.

Aikin gaba ɗaya ya rataya ne kan abu guda: bakin tiyo ya kai can ƙasan tukunyar mai, kuma ka tabbatar ya kai ta hanyar auna abin da ya fito. Idan ya kai, abin da zai rage a injin bai fi wanda ke raguwa bayan an kwance noti ba. Idan bai kai ba, za ka bar lita ɗaya ko fiye na tsohon mai, ka zuba sabo a kai, kana ganin ka yi juye.

Famfon da abin da ke tare da shi

Iri uku ake samu. Akwai na hannu, wato dogon tulu na roba mai kauri da hannun bugawa a samansa. Kana bugawa iskar cikin tulun tana fita, sai man ya biyo tiyo ya cike gurbinta. Akwai na lantarki mai bolt 12, wanda ake maƙala wayoyinsa a batirin mota, ya ja mai ta tiyo ɗaya ya fitar ta ɗayan zuwa jarka. Na ukun da iskar kwamfureso yake aiki, shi ya fi dacewa da gareji. Ga mai mota ɗaya ko biyu, na hannu ya fi rufin asiri: ba ya ƙonewa, kuma jikin tulun yana da layukan awo da ke nuna litar da ta fito. Wannan awon shi ne shaidarka. Idan na lantarki za ka yi amfani da shi, sai ka nemi jarka mai awo, ko ka yi wa fanko alama da kanka.

Tulun ya zama ya fi man injinka yawa. Ƙananan motoci masu silinda huɗu kan ɗauki lita 3.5 zuwa 5, masu silinda shida da manyan motocin dizal kuwa su kai lita 6 zuwa 8 ko fiye. Tulu mai lita 6.5 ya ishi yawancin ƙananan motoci. Ainihin adadin yana cikin littafin motar, kuma sau da yawa adadi biyu ake rubutawa, ɗaya idan an canja filta, ɗaya idan ba a canja ba.

Famfon kan zo da siraran tiyo biyu ko uku, masu kaurin milimita 6 zuwa 10. Ɗauki mafi kauri da zai shiga hudar ba tare da dole ba. Siriri da yawa yana jan mai a hankali, yana kuma saurin lanƙwashewa a ciki. Ka tanadi sabon mai irin wanda kamfanin motar ya ce, sabuwar filta da robarta, sifanar filta, mazurari, tsumma da safar hannu.

Ba kowace mota ce ke karɓar wannan aiki ba. Wasu sababbin motoci, ciki har da BMW da dama, ba su da sandar awo kwata-kwata, na'ura ce ke nuna yawan mai a dashbod. Wasu kuma suna da sandar, amma bututunta yana da lanƙwasa mai tsanani, ko ya sauka kan farantin da ke cikin tukunyar mai don hana man tangal-tangal, tiyo ya tsaya nan bai isa ƙasa ba. Sannan a duba inda filta take. Idan a ƙarƙashin injin take, dole dai sai an shiga ƙasa, rabin amfanin famfon ya tafi ke nan. Motar da filtarta ke sama, kusa da hannu da zarar an buɗe bonet, ita ce famfon ya fi yi wa rana.

Zafin mai

Nan ne mutane suka fi ɓata aikin tun kafin su fara. Mai mai sanyi kamar zuma yake a lokacin hunturu, musamman mai kauri irin 20W-50. Zai iya ɗaukar fiye da rabin awa yana ɗiga ta siririn tiyo. Mai mai tsananin zafi kuma, na injin da ya dawo daga doguwar tafiya, yana kai digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas. Wannan zafin yana tausasa tiyon roba har ya maƙure ya toshe, wani lokaci ma tulun ya lotsa. Abin da ake so shi ne ɗumi, wajen digiri 40 zuwa 60. Idan injin a sanyaye yake, tayar da shi ya yi minti 5 zuwa 10, ka kashe, ka jira minti biyar man da ke sama ya gangaro. Idan daga tafiya ka dawo, ba shi aƙalla rabin awa ya huce.

Motar ta tsaya a wuri mai daidai, a ja birkin hannu. Idan ta karkace, man zai taru a gefen da tiyo ba ya kaiwa.

Zura tiyo da zuƙa

Kafin ka cire komai, duba sandar awo ka san inda tsohon man ya tsaya. Idan yana kusa da layin ƙasa, kada ka sa ran cikakken adadin littafi zai fito, domin tsakanin layin ƙasa da na sama a motoci da yawa kusan lita ɗaya ce.

Buɗe murfin da ake zuba mai, domin iska ta samu shiga. Idan filtarka irin ta takarda ce da ke cikin gida mai murfi a saman injin, sassauta murfin yanzu, kafin zuƙa. Gidan yana riƙe da mai, kuma a injina da yawa sai an ɗaga filtar yake sakinsa zuwa tukunya. Wanda ya bar filta sai ƙarshe, wannan tsohon man zai sauka ne bayan ya gama zuƙa.

Ka tabbata sandar da ka zare ta baƙin mai ce. Wasu motoci masu giya otomatik suna da sanda ta biyu ta man giya, kuma an sha zuƙe man giya bisa kuskure, a ƙara sabon mai kan injin da yake cike. Hannun sandar injin yawanci rawaya ne ko ruwan lemo, man giya kuma yakan zama ja-ja, amma littafi shi ne abin dogaro.

Shimfiɗa sandar kusa da tiyo, kan su ya daidaita, ka naɗa salatif a jikin tiyon daidai inda sandar ke tsayawa a bakin huda. Yanzu zura tiyon a hankali. Sandar awo ba ta taɓa ƙasan tukunya, don haka tiyon zai wuce alamar da 'yan santimita kafin ka ji ya dungure da ƙarfe. Da ka ji haka, tsaya. Idan ya tsaya tun bai kai alamar ba, wani abu ya tare shi: ja baya kaɗan, murza shi da yatsu, sake gwadawa, ko ka koma siriri. Idan kuma ya yi ta shiga ba iyaka, tafin hannu guda ko biyu bayan alamar, to ya taɓa ƙasa ya lanƙwaso sama, bakinsa yana kallon rufi. Irin wannan zai ja mai na ɗan lokaci, sai ya fara jan iska alhali tukunyar tana da saura. Shi ya sa ba a turawa da ƙarfi.

Haɗa siririn tiyon da babban tiyon famfo, ka matse mahaɗin sosai, ka rufe bawul ɗin sakin iska idan akwai. Buga sau 10 zuwa 20. Za ka ga baƙin layi yana hawowa cikin tiyon. Daga nan famfon kan ci gaba da ja da kansa, sai dai ka ƙara bugu kaɗan duk sanda gudun ya ragu. Mai mai ɗumi irin 5W-30 yakan fito cikin minti 5 zuwa 15.

Idan ya kusa ƙarewa za ka ji ƙarar zuƙar iska, kumfa na bin tiyo. Kada ka tsaya nan. Tura tiyon santimita ɗaya, ja shi baya ɗaya, murza shi, ka ƙara bugu. Sau da yawa wani man zai sake fitowa. Jira minti biyu ka maimaita. Famfon lantarki kam a kashe shi da zarar ya fara jan iska zalla, domin man da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi.

Sai ka karanta awon tulu. Injin da littafi ya ce lita 4.5, kuma sandar ta nuna cike yake, ya kamata ka ga lita 4 ko sama da haka, ragowar tana cikin filta da hanyoyin mai. Idan lita 3 ka gani, aikin bai kammala ba. A karon farko da za ka yi wa wata mota, yana da kyau bayan zuƙar ka kwance notin ƙasa ka gani da idonka. In cokali kaɗan ne ya ɗiga, motar ta dace da famfo. In rabin lita ya zubo, ka koma hanyar noti.

Idan abu ya ƙi

Famfon da ake bugawa ba ya ja, kusan kullum iska ce ke shiga ta wani mahaɗi ko ta murfin tulu. Ɗan shafa mai a robar murfin yakan gyara. Idan tiyon ya maƙale wajen fitowa, kada a fizge shi. Gefen farantin ciki yana da kaifi, zai iya yanke shi, kuma guntun da ya faɗa ciki sai an kwance tukunyar mai gaba ɗaya. A tura shi ciki kaɗan, a murza, a ja sannu a hankali. Tiyon da ya tsufa ya bushe ko ya fara tsagewa, a yar da shi tun bai karye a cikin injin ba.

Akwai injin da bai kamata a yi masa da famfo ba: wanda ya daɗe ba juye har man ya zama dagwalo, da wanda mansa ya koma kalar madara saboda ruwa ya shiga, da wanda ake zargin yana cin ƙarfe. A nan ana buƙatar ganin abin da ke kwance a ƙasa, kuma wasu notocin suna da maganaɗisu da ke kama ƙurar ƙarfe. Haka nan kada a taɓa zuƙar fetur da wannan famfo. Tururinsa da tartsatsin wayar batir gobara ce.

Filta da sabon mai

Filtar gwangwani, wato wadda ake murza ta kai tsaye a jikin injin, bayan ka kwance tsohuwar, duba ko robarta ta manne a jikin injin. Roba biyu a kan juna suna fashewa da zarar an tayar da mota, man ya tsiyaye cikin 'yan daƙiƙu. Shafa sabon mai a robar sabuwar, ɗaura da hannu har ta taɓa, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a ɗaure ta da sifana. Filtar takarda kuwa a canja zoben robar murfinta da sabon da ya zo cikin kwali, a zaunar da shi cikin ainihin kwarminsa. Ƙarfin ɗaurin yakan kasance a rubuce a kan murfin, galibi 25 Nm (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Murfin roba ne, yana tsagewa idan an wuce.

Zuba sabon mai ƙasa da adadin littafi da kamar rabin lita. Mayar da sanda da murfi, tayar da injin, ka sa ido kan fitilar mai: ta mutu cikin daƙiƙa biyar ko makamancin haka, in ba ta mutu ba ka kashe nan take. Bar shi ya yi minti biyu, ka leƙa gindin filta ko akwai yoyo. Kashe, jira minti biyar, auna, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kusa layin sama. Idan ya wuce layin, babban ƙarfen injin da ke juyawa a ƙasa zai riƙa dukan man ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta hana ƙarfe gogar ƙarfe. Nan ma famfon yana da amfani, sai a mayar da tiyo a rage abin da ya yi yawa.

Tsohon man a juye shi cikin galan ɗin da sabon ya fito, a rufe, a kai wa masu karɓarsa. Kada a zuba a kwata ko a ƙasa, domin yana gurɓata ruwa, kuma yawan taɓa fata da shi yana da illa, shi ya sa ake sa safar hannu. Rataye tiyon a tsaye ya tsane, ka toshe bakinsa kada yashi ya shiga. Rubuta kwanan wata da kilomitar da motar take a kai.