Yadda Ake Auna Maganar Amurka ta Hanyar Leƙa Cikin Gidanta

Duk wanda ya taɓa zama a fadar shayi a Yamai, ko a Yantala ko a Bukoki, ya san yadda hira kan koma kan Amurka da zarar rediyo ya ce wani babban jami'inta ya sauka a filin jirgin sama na Diori Hamani. Wani zai ce alheri ne ya zo, wani ya ce makirci ne, a ƙarshe a watse babu abin da aka riƙe. Akwai hanyar auna irin wannan magana, kuma tana farawa ne daga Washinton, domin nauyin abin da jakada ya faɗa a ƙasar waje yana rataye ne a kan hukumomin da suka aiko shi.

Da farko, mai karatu ya tambayi kansa: wa ya yi alkawarin, kuma wa ya kamata ya amince kafin ya tabbata? Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya raba iko. Shugaban ƙasa ne ke tattaunawa da ƙasashe, amma cikakkiyar yarjejeniya ba ta zama doka sai kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa, mai kujeru 100, sun amince. Shugaba Wilson ya sa hannu a yarjejeniyar Versailles, wadda ta rufe yaƙin duniya na ɗaya da Jamus, a 1919, majalisar ta ƙi ta, Amurka kuma ba ta shiga ƙungiyar ƙasashen da shi da kansa ya yi fafutukar kafawa ba. Saboda wahalar samun wannan rinjaye, shugabanni kan ƙulla yarjejeniyar da ba ta bi ta majalisa ba, wadda magajinsu zai iya warwarewa da alƙalami ɗaya. Haka aka yi da yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi: Obama ya shiga, Trump ya fita, Biden ya koma a 2021, Trump ya sake ba da umarnin fita a Janairun 2025. Idan aka ce an cimma matsaya da Amurka, a bincika ko majalisa ta sa baki.

Sai a bi sawun kuɗi, kuma a nan ne ya fi dacewa a tsaya. Majalisar dokoki ce ke riƙe da lalitar gwamnati, kuma a cikin dokar kasafin taimakon ƙasashen waje akwai sashe na 7008, wanda ya hana ba da wasu nau'o'in taimako ga gwamnatin ƙasar da sojoji suka kifar da zaɓaɓɓen shugabanta. Wannan ne ya bayyana abin da ya ɗaure wa mutane da yawa kai a nan. Sojoji sun karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, Victoria Nuland, babbar jami'a a ma'aikatar harkokin wajen Amurka a lokacin, ta zo a watan Agusta, amma gwamnatin Amurka ba ta kira abin da sunan juyin mulki a hukumance ba sai 10 ga Oktoba. Jinkirin yana da dalili: furta kalmar na tayar da doka, dokar kuma na taɓa taimakon soja, alhali a lokacin Amurka na da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. A Masar kuwa, a 2013, gwamnatin Obama ta kauce wa furta kalmar gaba ɗaya. Saboda haka, in aka ga jami'i yana kewaye wata kalma kamar mai tsallake taɓo, a nemi dokar da ke bayanta.

Kujerar jakada ita ma ma'auni ce, ko da yake ba a cika kula da ita ba. Jakada ba ya kama aiki sai majalisar dattawa ta tabbatar da shi, kuma ɗan majalisa guda yana iya riƙe sunaye da dama saboda wata rigimar cikin gida da ba ta shafe mu ba. Ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya shafe fiye da shekara ɗaya da rabi babu cikakken jakada, har majalisar ta tabbatar da Kathleen FitzGibbon kwana ɗaya bayan juyin mulkin.

Tambaya ta gaba ta fi zafi: shin wakilan jama'ar Amurka sun san abin da ake yi da sunansu? Bayan harin Tongo Tongo na 4 ga Oktoban 2017, inda aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da sojojin Nijar, manyan ƴan majalisar dattawa, ciki har da Lindsey Graham, sun fito fili sun ce ba su san yawan sojojin ƙasarsu da ke Nijar ba. A ganina wannan ya fi kowane jawabi nuna inda rauni yake, domin manufar da masu zaɓe ba su sani ba ba ta da mai kare ta idan iska ta juya. A watan Maris na 2024 hukumomin Nijar suka soke yarjejeniyar soja da Amurka, kuma kafin ƙarshen Satumban shekarar sojojin Amurka sun kwashe kayansu.

Kada kuma a manta da gwada wa'azi da halin mai wa'azi. Wannan tsohon lamari ne. A 1961 wani gidan abinci a jihar Maryland ya ƙi sayar wa jakadan Chadi ko da gahawa saboda launin fatarsa, abin da ya kunyata gwamnatin Kennedy a idon sababbin ƙasashen Afirka, kuma irin wannan kunya na cikin abubuwan da suka ƙarfafa neman dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964. Haka hotunan masu zanga-zangar da suka afka wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021 suka rage kaifin duk wata nasiha kan miƙa mulki cikin lumana. Sai dai adalci ya sa a lura cewa majalisar ta koma zama a daren, ta kuma tabbatar da sakamakon zaɓen.

Abu na ƙarshe shi ne kalandar zaɓe. Ana zaɓen shugaba duk shekara huɗu, ana kuma sabunta majalisar wakilai mai kujeru 435 da sulusin majalisar dattawa duk shekara biyu. Hukumar USAID mai raba taimakon Amurka ga ƙasashen waje, wadda Kennedy ya kafa a 1961 (mutumin da gadarmu ta farko a kan kogin Isa ke ɗauke da sunansa), an rushe ta a 2025 cikin watanni kaɗan bayan sauyin gwamnati. Ma'aikacin ƙungiyar agaji a Tawa ko ɗan jarida a Yamai zai amfana idan ya buɗe ɗan littafi, ya rubuta kowane alkawari da ranarsa da sunan wanda ya yi shi, sannan ya duba shafin intanet na majalisar dokokin Amurka ya ga ko an ware masa kuɗi, da kuma watanni nawa suka rage kafin zaɓen Nuwamba mai zuwa.