Yadda ake kai maharbi mataki na 60 a World of Warcraft Classic tare da dabbarsa

Maharbi, wato ajin Hunter, yana cikin waɗanda suka fi saurin hawa mataki a World of Warcraft Classic, tsohon salon wasan kwamfuta na intanet da kamfanin Blizzard ya dawo da shi a watan Agustan 2019. Dalilin saurin nasa ɗaya ne: yana da dabbar da ke tare masa dodo, shi kuma yana tsaye daga nesa yana sakin kibiya. Duk maharbin da ka ga yana shan wahala tsakanin mataki na 10 da na 60, duba dabbarsa. Ko tana jin yunwa, ko ba a koya mata komai ba tun ranar da aka kamo ta, ko kuma an bar ta a baya da matakai huɗu ko biyar.

Kafin mataki na 10

Ƙabilu biyar ne ke iya zama maharba: Dwarf da Night Elf a ɓangaren Alliance, sai Orc da Troll da Tauren a ɓangaren Horde. Dabbar Orc tana da ƙarin kashi 5 cikin ɗari na ƙarfin bugu, Troll ya fi ƙwarewa a baka, Dwarf a bindiga. Bambancin bai kai a tsaya dogon tunani a kansa ba.

Matakai tara na farko babu dabba. Abin da ya kamata ka koya a nan shi ne tazara. Kibiya ba ta tashi idan dodo ya matso ƙasa da yadi 8, takobi kuma ba ya kai wa sai a cikin yadi 5. Tsakanin biyun akwai ɗan gurbin da ba ka iya yin komai, kuma nan ne ake cin sababbin maharba. Ka fara harbi daga iyakar nisan da baka zai kai, ka saka Serpent Sting, wato kibiya mai dafi, ka rage wa dodon gudu da Concussive Shot idan ka samu shi a mataki na 8, ka ƙarasa shi da Raptor Strike in ya iso.

Kamun farko

A mataki na 10 malamin maharba zai ba ka sandar horo ya tura ka kamo dabbobi uku, ɗaya bayan ɗaya. Dwarf yana karɓar aikin daga Grif Wildheart a Kharanos, Night Elf daga Dazalar a Dolanaar, Orc da Troll daga Thotar a Razor Hill, Tauren kuma daga Yaw Sharpmane a Bloodhoof Village. Kana gamawa za a ba ka Tame Beast, dabarar kama dabba ta zama taka.

A nan mutane da yawa ke yin kuskuren farko. Suna fita daga wurin malamin sai su kama dabbar da ta burge su, alhali ba su da hanyar ciyar da ita. Feed Pet (ciyarwa) da Revive Pet (tayar da ita in ta mutu) da Beast Training (koya mata dabaru) duk sai ka je babban birninku ka kai saƙon ƙarshe: Ironforge, Darnassus, Orgrimmar ko Thunder Bluff. Ka fara zuwa can, ka sayi abinci, sannan ka fita kamu.

Kamun kansa daƙiƙa 20 ne kana tsaye ba motsi, dabbar tana dukanka, sulkenka kuma ba ya aiki gaba ɗaya a lokacin. Dole matakinta ya zama daidai da naka ko ƙasa. Ka share dodannin da ke kusa tukuna, ka cika jininka, ka fara daga nesa don ta ɓata lokaci wajen isowa. Abubuwa uku ke lalata kamu: ka motsa, ta buge ka da wani abu mai sumarwa, ko hankalinta ya koma kan wani. Na ukun ya sa ake gaya wa abokin tafiya kada ya taɓa ta, kada kuma ya yi maka magani, domin maganin ma yana iya janye ta zuwa kansa. Daga mataki na 20 akwai Freezing Trap: ka ɗana tarkon kafin faɗa ya fara, ka tsaya a bayansa, ka fara kamun. Idan ta taka shi za ta daskare daƙiƙa 10, rabin aikin ke nan ba tare da ka sha duka ba.

Wace dabba

Dangin kyanwa, damisa da zaki, suna da ƙarin kashi 10 cikin ɗari na bugu, suna cin nama da kifi. Mujiya tana da ƙarin kashi 7, nama kawai take ci, amma tana koyon Screech, ƙarar da ke rage ƙarfin duk dodannin da ke kewaye da ita ta kuma jawo hankalinsu kanta. Gadu yana da ragin kashi 10 na bugu, sai dai fatarsa kauri, yana da Charge, kuma babu abin da ba ya ci: nama, kifi, burodi, cuku, 'ya'yan itace, har da naman kaza, wato laimar kwaɗi. Beyar ma haka take wajen ci. Ga wanda ya fara wasan yau, gadu ya fi sauƙin riƙo. Ga wanda yake son sauri, kyanwa ko mujiya.

Za ka ji ana ta zancen Broken Tooth, damisar Badlands mai mataki na 37 da ke kai bugu kowace daƙiƙa ɗaya, da The Rake na Mulgore. Saurin bugunsu yana da amfani wajen faɗa da wasu 'yan wasa, musamman masu sihiri. Wajen hawa mataki kuwa, sa'o'in da za ka ɓata kana gadin wurin da suke fitowa sun fi ribar yawa, tunda jimillar ɓarnar da kyanwa ke yi kusan ɗaya ce ko mai sauri ce ko mai nauyin hannu.

Ciki da biyayya

Kusa da hoton dabbar akwai 'yar fuska. Kore yana nufin tana cikin farin ciki, tana bugu da kashi 125 cikin ɗari. Rawaya kashi 100. Ja kashi 75, kuma biyayyarta tana raguwa, idan aka daɗe a haka za ta gudu ta bar ka har abada. Tsakanin kore da ja akwai bambancin da ya fi na kowane makami da za ka samu a wannan matakin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sabuwar dabba da jar fuska take zuwa, kuma yunwarta tana dawowa da wuri, don haka ka tanadi abinci kamar guda 20 kafin ka kama ta. Idan ka ba ta, ka bar ta ta gama ci. Farin cikin yana shiga ne kaɗan-kaɗan cikin daƙiƙa 20, idan ka tura ta faɗa a tsakiya sauran ya tafi a banza. Ka buɗe shafin bayanan faɗa ka duba lambar da ke fitowa: 35 yana nufin abincin ya dace da matakinta, 17 ko 8 yana nufin ta girme shi, lokacin sayen na gaba ya yi. Mutuwa tana rage mata farin ciki sosai, don haka da zarar ka tashe ta ka ciyar da ita.

Biyayya hawa shida ce, daga Rebellious zuwa Best Friend, kuma tana ƙaruwa ne idan dabbar tana ƙoshe tana kuma yaƙi tare da kai. Daga nan makin horo, waɗanda ake kashewa wajen koya mata dabaru, ke fitowa: matakin dabbar sau hawan biyayyarta ban da ɗaya. Dabba mai mataki na 20 a hawa na 4 tana da maki 60. A mataki na 60 da cikakkiyar biyayya, 300.

Koyar da ita

Growl shi ne gaba da komai. Shi ke sa dodo ya manne wa dabbar ya ƙyale ka. Ana karɓarsa wurin mai horar da dabbobi, wanda yawanci yake tsaye kusa da malamin maharba, sabon hawa yana fitowa kowane mataki goma: 10, 20, 30, har 60, kuma ba ya cin makin horo ko ɗaya. Karɓa daga malamin ba ya sa shi a jikin dabbar. Sai ka buɗe Beast Training a littafin dabarunka, ka zaɓe shi, ka koya mata da hannunka. Maharbi mai mataki na 35 da dabbarsa ke amfani da Growl na mataki na 10 zai yi ta mamakin me ya sa kowane dodo ke biyo shi. A wurin wannan malamin kuma ake samun Great Stamina da Natural Armor, masu ƙara jini da kaurin fata, nan ne ya kamata ragowar maki ya tafi.

Bite da Claw da Dash da Screech ba a sayar da su. A daji ake koyonsu. Ka kai dabbarka barga (mai barga yana tsaye kusa da masauki a yawancin garuruwa, gurbi na farko azurfa 5, na biyu zinariya 5 a kuɗin wasan), ka kamo dabbar dajin da ke da dabarar, ka yi ta faɗa da ita har rubutu ya fito cewa ka koya. Sai ka sallame ta, ka ɗauko taka, ka koya mata. Strigid Hunter na Teldrassil da Venomtail Scorpid na Durotar suna da Claw hawa na 2. Greater Fleshripper na Westfall yana da Screech na farko. Stranglethorn Tiger yana da Dash na farko. Sabon hawan Bite da Claw yana buɗewa kowane mataki takwas: 8, 16, 24, har 56. Daga mataki na 24 Beast Lore yana nuna maka abin da dabba ta iya da abin da take ci kafin ka ɓata lokaci a kanta. Ka kula sosai wajen sallama: Abandon ba ya da gyara, ka tabbata ta aron ce ke tsaye gabanka.

Dabba tana ɗaukar dabaru huɗu ne kawai na dannawa, kuma duk daga ma'aji ɗaya suke sha mai maki 100. Growl yana cin 15, Claw 25, Bite 35. Claw ba ya da lokacin jira, don haka yana iya shanye ma'ajin har Growl ya rasa abin tashi. Idan ka ga dodanni suna kufce mata, ka danna Claw da maɓallin dama ka kashe shi, ka bar Bite da Growl.

Tsarin faɗa

Ka sa Hunter's Mark, ka tura dabbar da Ctrl+1, ka jira ta yi Growl na farko, sannan Serpent Sting da harbin da ke tafiya da kansa. Dafin Serpent Sting daƙiƙa 15 yake aiki, kada ka sa shi a kan abin da zai mutu cikin biyar. Arcane Shot da Multi-Shot suna shan ƙarfin sihiri, suna kuma janye dodo daga dabbar. Maharbin da ke danna komai a kowane faɗa zai kashe uku ya zauna shan ruwa, wanda ya yi haƙuri da harbin kansa zai kashe goma bai zauna ba. Mend Pet, dabarar yi wa dabbar magani, yana zuwa a mataki na 12, daƙiƙa 5 ne kana tsaye ba harbi, ka fara shi tun jininta yana rabi.

Idan dodo ya baro ta ya nufo ka, kada ka juya ka ruga cikin wasu. Ka sare shi da Wing Clip don rage masa gudu, ka bi ta gefen dabbar ka wuce, ka juyo bayan yadi 8. A mataki na 30 Feign Death yana zuwa: ka faɗi kamar gawa, dodon ya koma kanta. Wani lokaci ba ya ruɗuwa, kuma sai bayan daƙiƙa 30 za ka sake. Aspect of the Cheetah na mataki na 20 yana ƙara gudu kashi 30 cikin ɗari, na tafiya ne tsakanin aiki da aiki. Idan aka taɓa ka kana cikinsa jiri zai kama ka, tafiyarka ta koma ta hawainiya. Kafin harbi ka koma Aspect of the Hawk.

Makin baiwa

Daga mataki na 10 kana samun makin baiwa ɗaya a kowane mataki, kana zuba shi a reshen da ka zaɓa. Reshen Beast Mastery ne na hawa mataki, domin a Classic kayan da kake sawa ba sa ƙara wa dabbar komai, baiwa ce kawai ke ƙarfafa ta. Daga 10 zuwa 14, Improved Aspect of the Hawk. Daga 15 zuwa 19, Thick Hide uku da biyu a Endurance Training. A 20 Bestial Swiftness, sai Unleashed Fury biyar, sai Ferocity huɗu. A 30 Intimidation, mai sumar da dodo daƙiƙa 3. Ka cike Ferocity, ka sa biyu a Bestial Discipline, ɗaya a Spirit Bond, sannan Frenzy biyar daga 35 zuwa 39. A 40 Bestial Wrath: ƙarin rabin bugu na daƙiƙa 18, kowane minti biyu. Ka riƙa danna shi duk lokacin da ya dawo, ajiyarsa asara ce. Ragowar maki 20 su tafi Marksmanship: Efficiency, Lethal Shots, Aimed Shot a 51, a ƙare da Mortal Shots.

Kwari, kuɗi da sauran tarkace

Kwari ko jakar harsashi tana ƙara saurin harbi da aƙalla kashi 10 cikin ɗari ko da mafi arha ce. Kibau suna sauya daraja a mataki na 10, 25 da 40, ana sayar da su ɗauri-ɗauri na 200. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka cika kwarin duk lokacin da ka shiga gari, domin maharbin da kibiyarsa ta ƙare a tsakiyar Stranglethorn Vale ya zama ɗan kallo. Wajen kaya ka nemi Agility, kowane maki ɗaya yana ba ka biyu na ƙarfin harbi, kuma baka ko bindiga mai kyau ta fi kowace riga. Abin hawa a mataki na 40 zinariya 100 ne har da kuɗin koyo, 90 idan kana da daraja a wurin masu sayarwa, don haka ka tsallake irin su Eagle Eye da Aspect of the Beast har sai aljihu ya yi nauyi.

Dabbar ba ta samun kaso daga ladan aikin da ka kai wa mai aike, daga kisa kawai take hawa, kuma ba ta wuce matakinka. Idan ka kai ayyuka da yawa a jere ka hau, ka tsaya ka yi ta kisa har ta kamo ka, in ba haka ba bugunta zai riƙa kuskure, Growl ɗinta ma dodanni su riƙa shanye shi.

A kogon ƙungiya kuwa, inda 'yan wasa ke haɗuwa su shiga yaƙi tare, dokokin suna juyawa. Ka kashe Growl don kada ta ƙwace dodo daga mai tare gaba, wato ɗan wasan da ke shan duka a madadin sauran, ka sa ta a Passive don kada ta kai hari da kanta, ka riƙa tura ta da kanka. Idan ƙungiya za ta yi tsalle daga wani tudu, kamar yadda ake yi a Gnomeregan, ka yi Dismiss Pet tukuna. Dabbar ba ta tsalle. Za ta zagaya ta doguwar hanya ta same ku a ƙasa, da duk dodannin da ta ci karo da su a bayanta.