Idan Masu Bincike Suka Zo Neman Littattafan Gidanku

A cikin birnin Kano, musamman tsofaffin unguwannin malamai irin su Madabo da Kabara, da wuya ka shiga gidan ilimi ba ka tarar da gafaka a rataye ko adaka cike da rubutun hannu ba. Aikina duba irin waɗannan takardu ne, kuma na sha ganin magada suna rufe ƙofa da zarar sun ji an ce daga jami'a aka zo. Ina ba su uzuri, domin akwai gidajen da aka ari littafi bai dawo ba. Amma ana iya amfana da masu bincike littafi kuma yana gida.

Kafin kowa ya zo, kada ku gyara komai. Kada a manna yagaggen shafi da salatif, domin dankonsa yana shiga takarda ya bar tabon da ba ya fita. Kada a kai shago a lulluɓe da roba mai zafi, wannan kashe takarda ne. Littattafanmu warware suke, ba ɗinki, don haka a bar shafuka yadda aka same su. Kalmar nan da marubuci ke ajiyewa ita kaɗai a ƙasan shafi, ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake mayar da jeri in ya hargitse. A ɗaga adaka daga ƙasa saboda gara, a nisanta ta da bango lokacin damina, a wanke hannu a shanya kafin a taɓa.

In sun zo, daga Jami'ar Bayero ne ko daga Arewa House ta Kaduna, ku nemi takardar shaida, ku sa dattijon gidan ya zauna. A rubuta yarjejeniya: a ɗauki hoto a zaurenku, a ba ku kwafi, a ambaci sunan gidan, a kuma fayyace ko kun yarda a ɗora a intanet. Abin da ya shafi asirin gida kuna da ikon cewa a tsallake.

Sannan ku zauna kusa ku yi tambaya, nan ne ribar take. Ku ce a haska muku bayan shafi da fitila. Sau da yawa jinjirin wata uku za su bayyana a jere cikin jikin takardar. Tambarin masana'antun arewacin Italiya ne, takardar da fatake suka riƙa shigo da ita ta Tarabulus, ta ratsa Sahara har Kasuwar Kurmi. Tambari ba ya faɗin ranar da aka yi rubutu, amma yana nuna zamanin da aka sarrafa takardar, rubutu kuwa ba ya riga takardarsa. Tawada ma tana magana: ta gawayi da ƙaro tana zama a saman takarda, danshi ke wanke ta, mai haɗin ƙarfe kuwa tana komawa ruwan ƙasa, har ta cinye shafi ta bar huji mai siffar harafi.

Ku ma kuna da abin koyarwa. Wa ya kwafi littafin, a wurin wane malami aka karanta shi, wa ya yi ƙananan bayanan ajami na gefe? Na'ura ba ta san wannan ba, sai tsohuwar da ke cikin ɗaki. A kira ta, a naɗi muryarta da izininta. In aka kammala binciken, ku nemi su dawo zauren su yi bayani da Hausa, yaran gida da almajirai suna zaune.