Yadda za ka gwada fayafan da ke cikin idonka da daddare

Na daɗe ina kallon zanen ido a littafi ban gane komai ba, sai ranar da na yi wannan gwajin da kaina. Ba ya buƙatar komai sai ƙyalle mai kauri, agogo da ɗaki mai duhu.

Ka fara sanin abin da kake nema. A can bayan ido akwai tantanin da ake kira retina. Cikinsa akwai ƙwayoyin gani iri biyu: masu siffar sanda, wajen miliyan 100, da masu siffar mazurari, kusan miliyan 6. Masu sandar su ne na dare. A ƙarshen kowace ɗaya an jera fayafai sirara kusan 1,000, wani kan wani kamar sulalla cikin bututu, kowane faifai cike da sinadarin rodofsin. Sinadarin yana riƙe da wani ɗan gutsure da jiki ke samu daga bitamin A. Gutsuren a lanƙwashe yake. Haske na taɓa shi sai ya miƙe, daga nan saƙo ya kama hanyar ƙwaƙwalwa. Wanda ya miƙe kuwa ba ya sake aiki sai an mayar da shi yadda yake, kuma mayarwar tana cin lokaci. Wannan jinkirin za ka gani.

Ka ɗaure ido ɗaya da ƙyallen, kada haske ya shiga ko kaɗan, amma kada ka danne ƙwayar idon. Ka zauna a cikin haske minti 30. Kada ka rage, domin a nan yawancin mutane ke ɓata gwajin. Sannan ka kashe fitila, ka cire ƙyallen, ka riƙa rufe wannan ido kana buɗe wancan. Idon da aka ɗaure zai ga gefen ƙofa da kujera, ɗayan kuwa duhu ƙirin. Abin ya girgiza ni a karon farko.

Kafin ka kunna fitila, ka nemi wani abu mai dishi-dishi, ko ƙaramin tauraro ta taga. Ka dube shi kai tsaye, zai ɓace. Ka ɗan kawar da ido gefe, zai dawo, saboda tsakiyar retina babu masu sanda ko ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne fayafan ba sa zama. A 1967 wani masanin kimiyya mai suna Richard Young ya nuna ana ƙera sababbi daga gindi, tsofaffi na hawa sama har a zubar da su, cikin kwana 10 ko makamancin haka jerin ya sabunta.

Idan bayan minti 30 idon da ka ɗaure bai fi ɗayan gani ba, ko kana yawan tuntuɓe da magariba, ka je wurin likitan ido. Dundumi yakan zo daga ƙarancin bitamin A, wani kuma gado ne.