Tabarau mai ruwa a ciki: yadda ake saita shi da iyakar aikinsa

Kowane ido na wannan tabarau ɗan ɗaki ne zagayayye, an rufe shi da siraran fatun roba biyu masu haske garau, an cika tsakaninsu da man silikon. Gaba da baya akwai murfin roba mai tauri, domin fatar ba ta jure ko kartar farce. A kowane hannun tabarau an maƙala ƙaramin sirinji mai abin murzawa, siririn bututu ya haɗa shi da ɗakin man. In an tura mai, fatar ta kumbura, gilashin ya zama mai tara haske, irin na wanda karatu ke yi wa dishi-dishi. In an zuƙe, sai ta lotsa ciki, ya zama mai baza haske, irin na wanda ba ya hango nesa. Farfesa Joshua Silver na Jami'ar Oxford a Ingila ya fara aiki a kan dabarar a 1985, kuma Gana na cikin ƙasashen da aka fara gwada ta. Samfurinsa, Adspecs, yana tafiya daga wajen −6 (baza haske) zuwa +6 (tara haske) a diyofta, wato ma'aunin ƙarfin gilashin ido.

Man da ake motsawa kaɗan ne ƙwarai. A gilashi mai faɗin milimita 40, in ƙarfin karya hasken man 1.5 ne, rubu'in mililita ɗaya kan sauya ƙarfi da diyofta ɗaya, kaurin tsakiya kuma ya sauya da milimita 0.4. In aka ninka faɗin gilashin, man da ake bukata zai ninku sau 16. Shi ya sa waɗannan tabarau suke ƙanana, kuma shi ya sa murzawa ɗaya ta gaggawa kan wuce wurin da ake nema.

Wajen saitawa, a rataya allon gwajin ido a wuri mai haske, nisan mita 6, ko nisan da aka rubuta a jikin allon. Ga wanda bai yi karatun boko ba, allo mai harafin E da ke fuskantar ɓangarori huɗu ya isa, sai ya riƙa nunawa da hannu. A cika gilasan biyu har ƙarshen ɓangaren tarawa, a rufe idon hagu da kati ba tare da danna shi ba. Da farko komai zai yi hazo, kuma haka ake so. Sai mutum ya riƙa zuƙe man a hankali, ya tsaya da zarar layi mafi ƙanƙanta ya fito sarai.

A nan yawancin mutane ke ɓata aikin. Ido yana da tsokar da ke ƙara masa ƙarfi in zai duba kusa. Idan aka zarce wajen zuƙe mai, tsokar sai ta ɗaure ta cike giɓin, haruffa su ƙara baƙi su ɗan ƙanƙance, mutum ya ɗauka gani ne ya ƙaru. Bayan awa biyu sai ciwon kai da gajiyar ido. Maganinsa: da an sami gani, a mayar da ɗan mai har hazo ya fara dawowa, sannan a sake zuƙewa kaɗan. A yi wa idon hagu haka, a buɗe duka biyun a duba, a maimaita daga farko. In sakamakon saitin farko da na biyu ya sha bamban da fiye da rabin diyofta, kada a ɗaure bawul, wato makullin hanyar man. In ya daidaita, a ɗaure bawul, a cire sirinji da bututu. Daga nan ƙarfin ya zauna. Mai neman na karatu, galibi wanda ya haura shekara 40, zai riƙe takarda a nisan santimita 40, ya ƙara mai sannu-sannu, ya tsaya a mafi ƙarancin abin da ya ba shi gani.

A tsakiyar gilashin ganin yana da kyau. Wani bincike da aka buga a 2011 a kan ɗalibai a karkarar Sin ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 sun kai gani mai kyau da saitin kansu, ƙasa kaɗan da abin da gwajin ƙwararre ya ba su. Matsalar tana gefe. Fatar ba ta lanƙwasa daidai kusa da inda aka ɗaure ta, don haka hoto kan dusashe can, musamman a ƙarfi mai yawa. Nauyin man ma yana sa ƙasan gilashin ya fi samansa kumbura, sai fitilar mota da dare ta fito da ɗan wutsiya. Fata mai tauri tana rage wannan, amma sai sirinji ya yi wuyar murzawa.

Zagayayyar fata tana lanƙwasa iri ɗaya ta kowane ɓangare, saboda haka ba ta gyara astigmatizim, wato idon da lanƙwasarsa ta tsaye ta bambanta da ta kwance. Tazarar gilasan biyu kuma a kafe take. In tsakiyar gilashi ta kauce wa ƙwayar ido da milimita 3 a ƙarfin diyofta 5, za ta karkatar da hoto da ma'aunin firizim 1.5, wato gocewar santimita 1.5 a nisan mita ɗaya, wanda ya isa ya gajiyar da ido.

Kumfar iska na shiga ne in an zuƙe da ƙarfi ko mahaɗin bututu ya saki; kafin a rufe, a juya tabarau ta taso bakin bututu a janye ta. Kada a bar shi a mota cikin rana, domin mai yana buɗewa da zafi, ƙarfin ya sauya. Maiƙo a jikin firam alamar yoyo ce. Ƙananan yara ba su dace da saitin kai ba, tsokar idonsu ta yi ƙarfi da yawa. Wanda kuma ya murza iya murzawa bai kai layin 6/12 na allon ba (wanda lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 12), asibitin ido zai nufa, a duba masa yanar ido, hawan jinin ido da lahanin ciwon suga.